Sa Hannun Baballe Masinja

Kun san shi, kada ma ku ce ba ku san shi ba. Kun sha tsayawa a bayansa a rumfar mai POS ta bakin kasuwar Tarauni, kuna ji yana faɗin lambar sirrin katinsa da ƙarfi kamar mai ba da cigiya, sai ku sunkuyar da kai kan wayoyinku kuna murmushi. Wasunku har sun haddace lambar. Babu wanda ya taɓa dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ba a yin haka." Kun ga ba tsohonku ba ne, kuma kullum kuna sauri.

Malam Baballe sunansa, amma duk Gyadi-Gyadi Baballe Masinja ake ce masa, don aikin da ya yi ke nan a wata ma'aikatar gwamnati tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Ya ɗauki fayil daga wannan ofis zuwa wancan har takalmansa suka san kowace matakala. A wannan yawon ya koyi abu guda, ya riƙe shi gam: takarda ba ta da rai sai an sa mata hannu. Ya ga kwangila ta kwana wata da watanni a kan tebur saboda darakta bai ɗauki biro ba. Ya ga an fita da wani akawu da ankwa don ya kwaikwayi sa hannun maigidansa. Shi ma yana da nasa, wanda ya koya a ajin yamma na manya: wata B mai ƙaton ciki, sannan wutsiya ta zagayo ta kwanta a ƙarƙashin sunan. Ƙarshen wata, a teburin biya, kashiya sai ya dubi wannan wutsiyar kafin ya miƙo albashi, Baballe kuwa ya ji shi ma mutum ne a gidan gwamnati.

Soja suka koma bariki, farar hula suka zo da nasu sauye-sauyen. Aka daina biya a kan tebur. Ya yi ritaya, fansho ya koma banki, daga baya aka ce kowa ya je ya karɓi kati. Ranar da aka miƙa masa nasa, ya juya shi ya ga wani farin layi a baya, ya tambayi yarinyar da ke kan kanta.

"Wurin sa hannu ne, Baba, amma ba dole ba ne."

Rabin farko na maganar kawai ya shiga kunnensa. Ya zaro bironsa daga aljihun gaba, ya gwada shi a tafin hannu, ya gyara tsayuwa, ya zana B ɗinsa da wutsiyarta, ya hura mata iska ta bushe. Daga ranar ya yanke wa kansa hukunci. Lambar sirri wata 'yar ƙa'idar yaran zamani ce, ainihin maigadin dukiyarsa yana nan a bayan katin. Ko da wani ya san lambar, ina zai samo hannun Baballe?

Don haka duk ƙarshen wata sai ya sa babbar rigarsa, ya hau adaidaita zuwa kasuwar Tarauni, wurin Izunna. Wannan Izunna haifaffen unguwar ne, ɗan Obiechina mai kemis, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Fagge. Baballe ya san shi tun yana rarrafe a shagon ubansa.

"Izu, tsaya. Ƙa'ida ƙa'ida ce. Duba baya tukun."

"Na gani, Baba! Sa hannun gwamna ke nan. Wannan ko a Abuja sai an tashi tsaye."

"Ja'iri. Ubanka bai iya irinsa ba, shi nasa kamar kaza ta yi tono."

"Zan gaya masa yau ɗin nan."

"Gaya masa mana, ya zo ya same ni."

Sai ya faɗi lambar da ƙarfi, Izunna ya danna masa, don idon Baballe ya daina rarrabe maɓallan. Kowa a layin ya yi dariya, kowa ya tafi da daɗin cewa ya ga tsoho mai ban sha'awa.

Idon ne damuwar. Na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama kuma yanar ido ta rufe shi, har ya zama mutane a wurinsa inuwa ce mai motsi, sai sun yi magana yake sanin waye. Likitan wani asibitin ido ya haska shi da tocila ya ce yanar ta nuna, ta fara matse jijiyar, kada a ɓata lokaci, don ta haka ɗayan ya tafi. Baballe ya daina shan shayin safe a waje, ya daina ɗinkin sallah, ya riƙa barin rabin fanshonsa a banki yana taruwa. Aka sa masa ranar aikin idon, wata Alhamis. Da zarar fanshon wannan watan ya shigo, kuɗin aikin zai cika.

'Yarsa guda ce a gari, Ummukulthum, malamar firamare a Darmanawa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwani. Ta taɓa raka shi wurin Izunna, ta ji da kunnenta. A hanyar dawowa ta ce, "Baba, ka daina faɗin lambar nan a cikin mutane."

"Uwani, ni fa ofis na yi. Kin san sa hannu nawa suka wuce ta hannun nan?"

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta dubi yadda ya miƙe wuya, ta tuna ba shi da sauran abin taƙama a duniya sai wannan. Ta yi dariya ta ce, "To, Baba." Ba ta sake tayar da zancen ba.

Lahadin da ke gaban ranar aikin, labari ya zaga majalisar tsofaffi cewa fansho ya sauka. Baballe ya kasa zama. Yana so ya ji da kunnensa an ce kuɗin ya cika. Ya je kasuwa ya tarar da rumfar Izunna a rufe, mai ita ya tafi coci. Maimakon ya koma gida, sai ya ce da mai adaidaita ya kai shi wurin na'urorin cirar kuɗi na wani banki a titin Zariya.

Ya tsaya gaban na'urar yana lalube, hasken fuskarta yana masa kamar wata a cikin hadari. Sai ya ji ƙamshin turare a gefensa, da wata murya mai sanyi.

"Baba, sannu da rana. Ko in taimaka maka?"

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Dubawa kawai za ka yi min, ka gaya min ko an saka."

Ya miƙa katin, ya faɗi lambar, har ya maimaita don kada mutumin ya yi kuskure. Ya ji ana danne-danne. Can muryar ta ce, "Kash, Baba, babu sabis. Duk na'urorin yau haka suke. Ga katinka, ka adana shi da kyau, gari ya lalace."

"Ai nawa ba ya ɗaukuwa. Ka ga bayansa?"

"Na gani, Baba. Ma sha Allah."

Mutumin ya riƙe masa hannu har bakin titi, ya tsayar masa da adaidaita, ya ma biya kuɗin. Baballe ya iso gida yana ta sa masa albarka, yana cewa har yanzu akwai 'ya'yan mutanen kirki. Katin da ke aljihunsa launinsa ɗaya da nasa, girmansa ɗaya, amma ba nasa ba ne.

Tun kafin la'asar ƙaramar wayarsa ta fara ƙara. Yana zaune a kan benci a ƙofar tiredar Malam Garba, abokinsa na tun ƙuruciya.

"Masinja, budurwa ka yi ne da tsufanka? Wayar nan sai kuka take."

"Kai dai ka ji da haƙoranka biyu. Ungo, duba min."

Garba ajami ya iya, boko kuwa sai lambobin farashi. Ya kai wayar kusa da hancinsa, ya nesanta ta, ya mayar masa. "Turanci ne. Tallan kamfanin waya ne, ni ma sun ishe ni, wai in sayi waƙa."

"Su saya wa iyayensu," in ji Baballe, ya jefa ta aljihu.

Saƙon banki ne. Mai turaren ya fara cira, kuma da yake akwai iyakar abin da kati ke fitarwa a yini, ba zai iya kwashewa gaba ɗaya ba, sai ya bi a hankali. Ran Litinin da safe mafi yawan kuɗin idon Baballe yana nan kwance bai motsa ba.

A wannan safiyar ya isa rumfar Izunna. Layi ya yi tsawo, Izunna ya maƙale waya da kafaɗa yana rigima da wani, hannu ɗaya yana ba wata mata canji. Baballe ya zaro katin, ya juya shi, ya ɗaga shi daidai fuskar Izunna kamar yadda ya saba.

"Izu, duba baya tukun."

Farin layin fes yake, ko ɗigon tawada babu. Tazarar da ke tsakaninsa da idon Izunna ba ta kai kamu ɗaya ba.

"Na gani, Baba, tsaf! Kawo."

Ya zura katin, ya danna lambar da ya daɗe da haddacewa. Na'urar ta ce lamba ba daidai ba. Ya ɗauka yatsansa ne ya zame, ya sake, ta sake ƙi. Ta fito da 'yar takarda mai ɗauke da sunan mai katin, ya dunƙule ta ya jefar ƙarƙashin tebur. Bayani zai ci lokaci, ga mutane suna tsaki a baya.

"Sabis ne, Baba. Ka bari sai gobe ko jibi."

"Jiya ma haka wani yaron kirki ya ce min. Wannan sabis naku ko ciwon ciki gare shi?"

Aka yi dariya. Ya mayar da katin aljihu ya tafi, wayar tana ƙara a ƙirjinsa.

Ran Laraba da hantsi Uwani ta zo da izinin makaranta, za su je asibiti su biya a ba shi gado. Ta haɗa masa kaya a jaka, buta da sallaya da kwanon sha. Ta ce ya kawo katin ta riƙe. Tana karɓa idonta ya faɗa kan sunan da ke gaba. Regina. Ta juya bayan.

"Baba, wannan katin wa ye?"

"Kamar yaya na wa? Juya ki gani mana."

"Na juya. Babu komai, Baba. Sunan wata mata ne a jiki."

Nan ya ba ta labarin Lahadi. Ga mamakinta sai ta ga ya saki fuska.

"Ashe ɓarawo ne, ɗan banza mai turare. To ya yi ta banza. Ya je ya cira mu gani, da wane hannun? Suna juya katin za su ce ya sa hannu, daga nan sai ofishin 'yan sanda."

Ta ɗauki wayarsa ta shiga saƙonni, tana gangarawa, tana gangarawa. Na ƙarshe na safiyar nan ne, ana idar da sallar asuba.

"Uwani, kin yi shiru."

"Tashi mu je banki, Baba."

"Tsaya. Ai ba zai yiwu ba ma. Shekaranjiya Izu ya duba bayan katin nan, ya ce ya gani. Ko dai idonki ne? Mu bi ta wurinsa."

Ta so ta hana, ya kafe. Suka tarar da Izunna babu kowa a gabansa, yana cin ƙosai a leda.

"Gwamna da kansa! Yau har da 'yar rakiya?"

Uwani ta ajiye katin a kan teburin, bayansa a sama. Izunna ya duba. Wannan karon ya duba. Ya ajiye ledar a hankali.

"Izu," in ji Baballe, "gaya mata abin da ka gani ran Litinin."

"Baba..."

"Gaya mata mana. Ka ce tsaf."

"Wallahi, Baba, ban duba ba. Mutane sun yi yawa."

Baballe ya juya fuskarsa wajen da muryar take fitowa. "Ran Litinin ce kawai ba ka duba ba?"

Izunna ya kama gefen teburin. Mai kayan miya na kusa, wanda ya miƙo wuya don jin abin da ake ciki, ya koma yana jera tumatir ɗin da ya riga ya jera. Uwani ta ja hannun mahaifinta.

A banki aka zaunar da su gaban wata ma'aikaciya, Adesewa, mai magana a hankali. Ta rufe katin nan take, ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Uwani. Abin da ya rage ba zai sayi ko maganin ɗigawa ba.

"Da an zo ran Litinin," ta fara, sai ta haɗiye sauran.

"'Yata," in ji Baballe, "ba ni na cira ba. Ba ni takarda in sa hannu, ki kai wa manyanku su gwada. Za su ga bambanci."

Ta ba shi takardar ƙorafi, Uwani ta cike, ta ɗora masa yatsa a kan layin. Ya zaro bironsa, ya gwada a tafin hannu, ya gyara zama. B ɗin ta hau kan rubutun sama, wutsiyar ta zarce takardar ta ƙare a kan gilashin teburin.

"Ya fita?"

"Ya fita, Baba, ya yi kyau," in ji Adesewa.

"To a gwada da na bayan katina."

"Katin yana hannun wanda ya ɗauka, Baba."

"Wanda ya miƙa masa kuɗin fa? Ai shi ya gani."

"Na'ura ce ta ba shi. Ita lamba kawai ta sani. Duk wanda ya danna lambar daidai, a wurinta kai ne. Za mu tura ƙorafin, amma gaskiya, tun da da katinka da lambarka aka cira, ba na so in sa maka rai."

Ya daɗe yana juya biron a hannunsa.

"Tun yaushe aka daina dubawa?"

Adesewa ta dubi Uwani, Uwani ta dubi ƙasa. "Ni dai tun da na fara aiki, Baba, ban taɓa ganin an duba ba."

"To me ya sa kuka bar wurin? Kun buga farin layi, kun ce na sa hannu ne. Wa kuka bar wa?"

"Haka katin yake zuwa, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sai ya juya gefen 'yarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ke ma kin sani, Uwani."

"Na gaya maka sau ɗaya, Baba."

"Kika ce to."

Ta sa gefen hijabinta a baki. Shi kuwa ya mayar da marfin biron, ya ajiye shi a kan teburin Adesewa, ya miƙe yana laluben kujera. Adesewa ta bi shi da biron har ƙofa tana cewa, "Baba, ka manta bironka." Bai juyo ba.

Alhamis ta zo ta wuce, aka ba wani gadon. Uwani ta shiga dangi, ta sayar da keken ɗinkinta. Izunna ya zo har gida da kuɗi a ambulan, ya durƙusa a soro, Baballe ya amsa gaisuwarsa ya tambayi lafiyar Obiechina, bai ƙara ko kalma ba. Garba ya zaga majalisa da hula a hannu. Kafin abin ya taru kuɗin aiki ya tashi, kafin a cike gibin damina ta shigo ta fita. Ranar da suka koma asibiti, likitan ya haska idon da tocila ya tambaya, "Baba, kana ganin haske?" Baballe ya ce, "A ina?" Likitan ya kashe tocilar, ya kira Uwani gefe.

Sabon katin da bankin ya bayar yana cikin jakar Uwani, ita ke cirowa ta kawo masa. Babbar rigar tana rataye a ƙusa. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zama a benci. Idan Garba ya leƙo ya tsokane shi, sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ka gaida mutanen waje." Amsar ƙorafin ba ta zo ba, ya kuma daina tambaya.

Ɓarawo ɗaya ne ya ɗauki katin, amma mutane nawa suka riƙe masa tsohon nan har ya gama? Duk masu son sa ne. Sun ga gara ya ji daɗi da ya ji gaskiya, suka kira wannan ladabi.

Akwai irinsa a gidanku. Wata tana ɗaure da katinta a haɓar zane, wani ya sa a cikin hula, kowanne da abin da ya ɗauka yana tsare masa dukiya, ku kuma kun san ba ya tsarewa. Ajiye wannan takardar ka tashi ka je wurinsa yau, ba gobe ba. Karɓi katin ka karanta sunan da idonka, ka buɗe saƙonnin wayarsa ka karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Ka gaya masa a fili cewa babu mai duba sa hannu, lambar nan ita kaɗai ce ƙofar, kada ta fita daga bakinsa a gaban kowa. Zai yi fushi, zai ce ka raina shi, zai tuna maka shi ya haife ka. Kada ka yi dariya, kada ka ce to. Zauna a nan har sai ya ji.